PS4 uku ko PS5 ɗaya? Wai har yaushe za su ci gaba da sako gem a tsoho da sabo?

Abba_Gem ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka fi ni sanin harkar nan. Ina da ɗan shagon gem a unguwarmu a nan Kano, injin PlayStation 4 wato PS4 guda uku ne, biyu slim (siririn) ɗaya fat (mai kaurin na farko), yawanci ƙwallo yara suke bugawa sai jefi-jefi Mortal Kombat ko GTA. To jiya bayan isha'i wani yaro da yake kwastomana tun yana firamare ya leƙo, ko takalmi bai cire ba ya tsaya bakin ƙofa ya kalli talabijin ya ce "Yaya Abba har yanzu fo ne?" wato PS4, ya juya ya wuce sabon shagon da aka buɗe a bakin titi mai PS5. Wallahi abin ya tsaya min a rai har na rufe shago.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, PS5 ya fito tun Nuwamba 2020, shi kuwa PS4 tun 2013 yake, amma gem ɗin ƙwallo FC 24 ya fito a PS4, FC 25 ma haka, har Call of Duty Black Ops 6 na 2024 an saka shi a PS4. To idan gem ɗaya ne a duka biyun me zai sa in sayar da uku in sayi ɗaya, don farashin da aka gaya min a kasuwa kusan haka lissafin yake fitowa. Ko kuwa suna ne kawai ɗaya amma cikin daban? Kuma har yaushe za su ci gaba da haka, kar in wayi gari a ce sabon ƙwallo bai zo a namu ba.

Sadik_MaiGyara ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Abba. Ni gyaran su nake yi don haka bari in fara da abin da ke cikin akwatin. PS4 ƙwaƙwalwarsa Jaguar ce ta kamfanin AMD mai gudun 1.6GHz, ram ɗinsa 8GB, sannan ma'ajiyarsa hadis ne, wato hard disk, irin mai juyawa na tsohuwar laftof. PS5 kuma Zen 2 ne da yake kaiwa 3.5GHz, ram 16GB, ga SSD, sabuwar ma'ajiya a madadin hadis, da yake ɗauko kaya kamar walƙiya. To ka ga tazarar ba ƙarama ba ce. Amma su kamfanoni ba wannan suke fara dubawa ba, yawan masu injin suke ƙirgawa. PS4 an sayar da sama da miliyan 117 a duniya, kuma lokacin da PS5 ya fito ana tsakiyar korona, kayan haɗi sun yi ƙaranci, kusan shekara biyu ko da kuɗinka a hannu sai ka sha wahala kafin ka samu ko a Amurka da Ingila. Wane ɗan kasuwa ne zai kashe maƙudan kuɗi ya haɗa gem sannan ya ce sai 'yan tsirarun da suka samu sabon inji ne kaɗai za su saya? Ita kanta Sony mai PlayStation, da shugaban sashen PlayStation ɗinta na lokacin Jim Ryan ya fito a 2020 yana cewa su sun yarda kowane zamani da nasa, ai a ƙarshe Horizon Forbidden West da Gran Turismo 7 da God of War Ragnarök duk a 2022 suka fito kuma duk a biyun aka sake su.

Maganar ko cikin ɗaya ne, a ƙwallo dai ba ɗaya ba ne. Tun FIFA 22 (FIFA shi ne sunan FC na da) suka kawo abin da suke kira HyperMotion, wato sun ɗauki motsin 'yan wasa na gaske su ashirin da biyu a fili suka zuba a gem, kuma wannan PS4 bai samu ba. Za ka samu sababbin riguna da sababbin 'yan wasa da kulob ɗin da kowa ya koma, amma yadda ɗan baya yake rufe gurbi da yadda ake tarbar ƙwallo na PS5 daban ne, yaran da suke bugawa kullum suna ji a hannunsu, shi ya sa yaron nan ya faɗa maka haka. Kuma a onlayin mai bugun PS4 ba ya haɗuwa da mai bugun PS5, kowa da sa'anninsa.

Har yaushe kuwa, duba baya ka gani. PS3 ya fito 2006 amma sai da aka yi FIFA 14 a PS2. PS4 ya fito 2013 amma PS3 ya samu har FIFA 19, duk da na ƙarshe-ƙarshen Legacy Edition ne, riguna da sunaye kawai ake canzawa. Ƙwallo ita ce take fita daga gida a ƙarshe.

Umar_Zazzau ya amsa:

Oga Sadik ka yi bayani amma ni gaskiya wannan ɗabi'a ta sako gem a tsoho da sabo haushi take ba ni, kuma ba don ina da PS5 ba, a'a, don su kansu masu tsohon ake cuta wani lokacin. Kowa ya tuna Cyberpunk 2077, Disamba 2020, an tallata shi a PS4 mutane suka biya kuɗinsu, da suka kunna gari ne babba amma injin ya kasa ɗauka, gini bai gama fitowa ba ka riga ka iso wajen, fuskokin mutane kamar an shafe su, ga daskarewa, har sai da Sony ta cire shi daga shagonta aka mayar wa mutane kuɗi, bai dawo ba sai Yuni 2021. Da suka zo yin ƙarinsa Phantom Liberty a 2023 ai ko kallon PS4 ba su yi ba. Kuma ba yau aka fara ba, Black Ops 3 na 2015 a PS3 babu labarin gem ɗin ma gaba ɗaya, sai faɗan onlayin da zombi.

Sannan ta ɗaya ɓangaren, wanda ya tara kuɗi ya sayi sabo shi ma an riƙe masa ƙafa. Idan ka san gem ɗinka dole ya yi aiki a hadis ɗin 2013 to haka za ka tsara shi tun daga tushe, girman gari da yawan mutane da wayon abokan gaba duk sai ka auna da mai rauni. Kun lura da wuraren nan da jarumi yake matsewa ya bi ta tsagar dutse a hankali a hankali? Da yawansu lodin ake ɓoyewa a nan, wato jiran da injin yake yi ya ɗauko wuri na gaba. Ka kwatanta da Spider-Man 2 na 2023 da aka yi wa PS5 shi kaɗai, ka danna wuri a taswira kafin ka ɗauki ruwa ka kurɓa ka isa. Jaki da doki idan aka ɗaure su da igiya ɗaya ai tafiyar jaki za a yi.

Hajara_Maradi ta amsa:

Umar ɗan'uwana na ji ka amma ka tuna da mu. Ni ƙanena nake saya wa, PS4 na hannu muka samo masa daga Kano, kuma ranar da ya kunna Ragnarök a kai fankar injin tana ihu kamar za ta tashi sama amma gem ɗin ya tafi lafiya lau daga farko har ƙarshe, yaron nan ya yi sati yana ba abokansa labari. Da an ce PS5 kaɗai ne da har yau sai dai ya kalla a YouTube. Dala 499 da aka sa wa PS5 ran da ya fito, ka juya ta zuwa sefa ko naira ka ɗora kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa ka ga gida nawa za su iya. Ni a ganina laifin ba na sakin gem a biyu ba ne, na wanda ya san injin ba zai ɗauka ba ne ya karɓi kuɗin mutane. Masu Hogwarts Legacy ai sun saki na PS5 a Fabrairu 2023 suka riƙe na PS4 sai Mayu da suka ƙara gyara shi, haka ya kamata.

Sadik_MaiGyara ya sake amsawa:

Hajiya Hajara ki ce masa ya kawo a buɗe a share ƙura a canza man da ke kan ƙwaƙwalwar, ihun zai ragu sosai.

Malam Abba na manta abu mafi muhimmanci a gare ka. Hannun PS4, wato abin da ake riƙewa a buga gem, yana aiki a PS5 amma sai a gem ɗin PS4 kawai, da zarar ka saka bugun PS5 dole sai DualSense, wato hannun PS5, kuma ka san yadda yara suke cin analog, 'yar sandar nan da ake juyawa a jikin hannun, a shago, duk wata sai an kawo min. To ka saka kuɗin hannu biyu ko uku a lissafinka. Sannan idan talabijin ɗinka ƙananan nan ne na da, rabin kyan da ake magana ba za a gan shi ba, ga shi ya fi slim jan wuta idan kana kan janareta ko sola. Kuma in za ka saya kar ka yarda da wanda ba shi da wurin faifai, don faya-fayenka na PS4 kusan duka suna aiki a mai faifan, wasu ma ana ɗaga su zuwa bugun PS5 kyauta ko da dala 10. Ni da ni ne ba zan sayar da uku ba. Inji uku mutum shida ne a zaune, inji ɗaya mutum biyu ne sauran suna tsaye suna jira, kuma ranar da ya samu matsala shago ya tsaya cak.

Abba_Gem ya dawo:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Maganar hannu wallahi ban san da ita ba, da na tafka asara. Yanzu abin da na yanke shi ne zan sayar da fat ɗin shi kaɗai tunda dama shi ne yake yawan zafi, in haɗa da kuɗin adashina da zan kwasa bayan sallah in nemi PS5 mai faifai, slim biyun su ci gaba da aiki a farashin da aka saba, sabon kuma in ɗan ƙara masa kuɗi. Oga Sadik talabijin inci 43 zai wadatar ko sai na haura? Kuma na hannu da ake kawowa daga waje, me zan duba a jikinsa kafin in biya?