Me za mu kira "idmanul ƙimar" da Hausa?

Ummu Sadiƙ, Jidda: Assalamu alaikum. Ina fassara wata 'yar takarda daga Larabci, gobe bayan Juma'a za a raba wa mutanenmu. Magana ce kan samarin da cacar ƙwallo ta waya ta cinye musu albashi, da inda za su nemi taimako: layin 937 na Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, ko asibitocin Irada da a da ake kira Amal. "Ƙimar" dai caca ce; kalmar "idman", wato kasa barin abu, ce ta gagare ni.

Ɗan Shara Mansur: Sabon caca.

Ummu Sadiƙ: Na yi tunaninsa. Amma kowa zai tuna "sabo turken wawa". Wanda na kira wawa a layin farko ba zai karanta na biyu ba.

Malamin Islamiyya: Jarabar caca, Hajiya. Mutum yana son bari, ya kasa, ya ci bashi don ya fanshe abin da ya faɗi. Suratul Ma'ida, aya ta 90, ta haɗa caca da giya wuri ɗaya.

Baba Alhaji, Madina: Jaraba Larabci ce! Kullum aro. Ku ce "mayen caca", Hausa tsantsa, daga maye irin na giya. Shekaru nake faɗa.

Ɗan Shara Mansur: Baba, a rubuce za a ɗauka maye mai kama kurwa. Kuma yara na cewa "mayen ƙwallo" da alfahari.

Baba Alhaji: Ku da aka haifa a Makka, Hausarku rabi Larabci, ku ne za ku gyara mini?

Ɗan Shara Mansur: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Kakata ce ta riƙe mana harshen nan a gida, ba mu yar ba. Kuma "asibiti" da "likita" ma aro ne, ba wanda ya kore su.

Ma'aikaciyar jinya, Riyad: Ku dawo kan batu don Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan matsala ta caca cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Magani akwai: zama da likitan ƙwaƙwalwa, goge manhajar, miƙa katin banki ga wani amintacce a gida. Ƙanena ya ɓoye mana shekara biyu saboda kunya, sai da masu bashi suka zo ƙofa. Jarababbe zagi ne. Ku rubuta "cutar caca".

Malamin Islamiyya: In an ce cuta kawai, kada a ɗauka zunubin ya faɗi.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, mai fama da ita ya san haramun ne. Abin da bai sani ba shi ne ana warkewa.

Ummu Sadiƙ: Na sa "Jarabar caca cuta ce, tana da magani" a kai. A ciki kuma "mai fama da caca", ba jarababbe ba, ba ɗan caca ba. Zan kai wa mai bugawa bayan isha'i.

Baba Alhaji: To, ku buga. Ni dai ban janye "maye" ba.