Bindiga ta ce 9mm, harsashi ya ce 9mm: ina rashin dacewar ya fito?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni sana'ata sayen gwangwan ce a Agege, kuma dalma tana cikin abin da nake ɗorawa a sikeli kullum, amma tambayata daga Amurka ta taso. Ƙanena da ke aiki a birnin Houston ya ba ni labarin wani dattijo maƙwabcinsa da ke zuba harsasan dalma da kansa domin wasan harbi, abin da dokar can ta yarda da shi. Wai ya sayi ƙaramar bindiga mai araha wadda aka rubuta wa 9mm, ya zuba harsasai su ma na 9mm, amma da ya je filin harbi sai suka riƙa warwatsuwa a jikin allo, wasu ma suna shiga a karkace, sannan cikin bututun ya yi dabe da dalma. Bai samu sa'ida ba sai da ya auna cikin bututun, ya ƙara wa harsashin kaurin da ido ba ya gani. To, in lamba ɗaya ce a jikin bindiga da harsashi, daga ina rashin dacewar ya fito, kuma me ya sa mai araha ce ta yi masa haka?

Mai Tana na Ladipo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban taɓa aikin bindiga ba, amma na daɗe ina gyaran injin mota a kan na'urar tana, wato injin da ke sassaƙa ƙarfe, kuma maganar awon ƙarfe ɗaya ce ko'ina. Lambar da aka buga a jikin bindiga suna ne, ba awo ba ne, kamar yadda ake cewa katako biyu-da-huɗu alhali in ka sa tef da wuya ka samu ya cika.

Cikin bututun ba sumul yake ba. An yi masa tsagi mai murɗewa tun daga gindi har baki, ta yadda akwai tudu akwai kwari, kuma tudun ne yake cizon harsashi ya sa shi juyawa kamar katantanwa domin ya tafi a miƙe. Awon da ya dami mai zuba dalma shi ne faɗin da ke tsakanin kwari da kwari. A 9mm abin da aka tsara shi ne inci 0.355, wato kusan milimita 9.02, kuma masu wannan sha'awa a Amurka sun saba sa harsashin dalma ya ɗara bututun da kashi ɗaya cikin dubu na inci, shi ya sa ake sayar musu da na 0.356. Kashi ɗayan nan milimita 0.025 ne kacal, silin gashin kai ma ya fi shi kauri.

Abin da ya samu dattijon kuwa duk makaniki ya san irinsa. Idan ringin fistin ya cinye, wuta takan bi ta gefe, inji ya rasa ƙarfi ya kama hayaƙi. Haka nan idan harsashi bai cika bututu ba, iska mai tsananin zafi da albarushi ya haifar sai ta kurɗa ta gefensa, ta zaizaye dalmar ta manna ta a bango. Harsashin da ya biyo baya ya tarar da hanya ta ƙazantu, tudun bai kama shi da kyau ba, sai ya fita yana tangaɗi.

Batun araha kuma ba wai ƙarfen ne na banza ba. Kayan yanka ƙarfe suna cinyewa da aiki, kuma sauya su a kan kari da auna kowane bututu ɗaya bayan ɗaya kuɗi ne. Kamfanin da ke son ya sayar da sauƙi yakan yarda da ratar kuskure mai ɗan faɗi, sai ka samu bindigogi biyu daga masana'anta guda, wannan 0.355 waccan 0.357. Sai dai a yi adalci, ana samun irin wannan bambanci har a masu tsada.

Baba Soja Obalende ya amsa:

Ɗana mai tana ya yi bayani, ni tarihi zan ƙara da kuma gargaɗi. Wannan matsala ta girmi kakanninmu. A zamanin da ake ɗura bindiga ta baki, irin yadda maharbanmu suke ɗura ta toka, harsashin da ya cika bututu mai tsagi yakan ƙi shiga sai da duka, wanda ya shiga da sauƙi kuma ba ya kama tsagin. Wani hafsan sojan Faransa mai suna Minié ne ya shahara da maganin abin a 1849, da harsashin dalma mai rami a gindi, wanda yake shiga a sake, amma da albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya cika bututun. Daga baya, a 1882, wani ɗan Suwizalan mai suna Rubin ya fito da harsashi mai riga ta tagulla, kuma tun da wannan ya bazu sojoji suka huta da dalma tsirara. Duk tsawon aikina ban taɓa ganin an auna harsashi kafin a ba soja ba, domin rigar tana jure ɗan bambancin da dalma ba ta jurewa. Kamfanin Glock ma yana gargaɗin masu sayen bindigoginsa kada su sa musu harsashin dalma marar riga.

Gargaɗin kuwa shi ne, abin da dattijon Houston yake yi a garejinsa, wanda ya kwaikwaya a Legas ya sayi ɗauri da kuɗinsa. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta sa fistol cikin makaman da aka haramta, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa ake riƙe su. Bindigar farauta ce Sufeto Janar na 'yan sanda yake da ikon ba da lasisinta, ta toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera harsashi ba aikin mutum a gida ba ne, shi ya sa gwamnati ta kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964. Kai da kake sayar da dalma, Alhaji, ka riƙa sanin wanda kake auna wa.

Hajiya Nas ta Idi-Araba ta amsa:

Yallaɓai, ku yi mini afuwa in sa baki ta ɓangaren lafiya. Dalma tana narkewa a kan zafin digiri 327, wanda ko murhun gawayi yana kaiwa, kuma wannan sauƙin ne yake sa mutane raina ta. Ƙurarta tana bin hannu da tufafi ta shiga abinci, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa a ƙwaƙwalwa. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ka gaya wa ƙanenka kada ya bar 'ya'yansa su shiga garejin nan, kai ma ka daina shiga gida da kayan da ka yini da su a wurin aiki.

Ɗan Agege ya sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode Hajiya, kuma na ji gargaɗin duka biyu. Malam mai tana, saura abu ɗaya. Tunda dalma taushi ne da ita, da dattijon ya gauraya ta da abin da zai ƙara mata tauri, ashe ba sai ta daina manne wa bututun ba?

Mai Tana na Ladipo ya amsa:

Alhaji, mutane da yawa sun yi wannan zato sun sha mamaki. Ana ƙara wa dalma tauri da kuza da wani ƙarfe da ake kira antimoni, amma idan harsashin ya yi wa bututu kaɗan, taurin ƙara ɓata lamarin yake yi. Mai taushi, in wuta ta buge shi ta baya, yakan ɗan kumbura ya toshe ratar, kamar dai na Minié da Baba ya ambata, mai tauri kuwa ba ya kumbura, sai iskar ta ci gaba da wucewa ta gefensa. Ƙara kaurin ma yana da iyaka, domin in ya wuce kima kwanson da ke ɗauke da harsashin da albarushi ba zai zauna daidai a mazauninsa cikin bindigar ba, bindigar ta ƙi rufuwa, ko kuma matsi ya yi yawa a ciki har ya zama haɗari ga mai harbin. Tsakanin ya yi kaɗan da ya yi yawa bai fi kashi biyu ko uku cikin dubu na inci ba, kuma tef ko kalifa ta kasuwa ba za su nuna maka shi daidai ba, sai maikiromita, irin wadda muke auna karanshaf da ita kafin mu ce a rage masa kauri.