Neman shawara: kalmomin jarumta da ƙalubale a Turanci da takwarorinsu a Turkanci

Assalamu alaikum, yayyena da malamaina. Ni ɗalibi ne, na zo Konya wata biyar da suka wuce a kan tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, kuma har yanzu ina cikin shekarar koyon harshe da ake yi kafin a fara karatun jami'a sosai. Tun zuwana, hanyata ita ce in yi tunani da Hausa, in juya shi zuwa Turanci, sannan in buɗe ƙamus in nemi kalmar Turkanci. A makon jiya aka ba mu insha'i a kan abubuwan da muka sha fama da su a watanninmu na farko, sai na duba "challenge", ƙamus ya ba ni "meydan okuma", ni kuwa na yi ta zuba ta a kan sanyi da abinci da kewar gida. Malamarmu ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowace, ta tambaye ni tana murmushi ko sanyin Konya ne ya kira ni kokawa. A wani wurin kuma na so in yaba wa mahaifiyata da ta daure ta bar ɗanta ya yi nisa, na rubuta "cüret", malama ta ce in canja idan ba rashin kunya nake son jingina mata ba. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su bambance mini "courage" da "bravery" da "valour" da "audacity" da "dare" da "challenge", da kalmar da Turkawa ke amfani da ita a gurbin kowace.

Amsar wani ɗan'uwa mai karatun injiniya a Ankara:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuskuren da ka yi kusan dukanmu mun yi shi, kuma laifin na Turanci ne, domin ya tara ma'anoni da yawa ya ɗure su a kalma ɗaya. "Meydan" fili ne ko dandali, "meydan okumak" kuwa shi ne mutum ya fito fili ya kira wani su gwada ƙwanji, kamar yadda ɗan dambe ke shiga fage ya yi kirari yana neman abokin karawa. Turkawa na da tasu kokawar ta shafa mai da ake yi kowace shekara a Kırkpınar da ke Edirne, filin da ake yin ta suna kiran sa "er meydanı", wato fagen maza, kuma har yau idan Baturke ya ce "hodri meydan" yana nufin ga fili ga mai doki. Saboda haka kalmar tana bukatar abokin hamayya, kamar a jimlar "rakibine meydan okudu", wato ya ƙalubalanci abokin karawarsa.

Abin da kai kake nufi wahala ce, kalmarta kuwa "zorluk" ko "güçlük". Da ka rubuta "karşılaştığım zorluklar", wato wahalhalun da na ci karo da su, da jan biro bai taɓa ka ba. Idan Bature ya ce jarrabawa "challenging" ce, Baturke zai ce "zorlu bir sınav". Idan kuma hukuncin kotu ko na alƙalin wasa aka ƙalubalanta, aikatau ɗin shi ne "itiraz etmek". Akwai kuma "engel" a gurbin "obstacle", wato cikas, sai dai ka kula, domin "engelli" ita ce kalmar da ake kiran mai nakasa da ita.

Amsar wata baiwar Allah mai aikin fassara a Istanbul:

Ɗana, bari in ɗauki ɓangaren jarumta, tun da yayanka ya gama da ɗayan. Kalmar yau da kullum a gurbin "courage" ita ce "cesaret", sifarta kuma "cesur", wadda ke zama "brave" ko "courageous". Dukansu daga Larabci aka aro su, kuma idan ka tuna cewa harafin c a Turkanci j ake furta shi, za ka ji "jasara" da "jasur" a cikinsu. Ita "cüret" ma Balarabiya ce, daga "jur'a", amma a bakin Turkawan yau ta fi karkata ga abin da muke kira tsaurin ido, daidai da "audacity" idan ana zargi. Shi ya sa wanda aka yi wa raini yake cewa "bu ne cüret", wato wannan wane irin tsaurin ido ne. Ga mahaifiyarka, ni da "metanet" zan zaɓa, wadda ke daidai da "fortitude", domin abin da ta yi dauriya ce, ta haɗiye abin da ke ranta ta sa maka albarka.

Wani abin da ke burge ni shi ne yadda harsunan uku suka haɗu a kan zuciya. Asalin "courage" daga kalmar Latin "cor" ne, wato zuciya, ta biyo ta tsohon Faransanci. Turkawa suna da "yürek", zuciya, daga nan suka samu "yürekli", mai ƙarfin zuciya, mu ma haka muke faɗa. Za ka riƙa ganin irin waɗannan tagwaye, ɗaya ta Larabci ko Farisanci, ɗaya ta asalin Turkanci, saboda bayan sauya haruffa a 1928 da kafa hukumar harshe ta Türk Dil Kurumu a 1932 an yi ƙoƙarin fifita kalmomin asali, amma wasu na aro suka ƙi tafiya. "Şecaat", wato shaja'a, ta ja da baya sai a tsofaffin rubuce-rubuce, "cesaret" kuwa ta zauna daram.

"Valour" ta fagen fama ce, a nan za ka ce "yiğitlik" ko "kahramanlık". "Kahraman" jarumi ne, kuma ita aka ɗora wa birnin Maraş a 1973 ya zama Kahramanmaraş, don tunawa da tirjiyar da mutanensa suka yi wa sojojin Faransa a 1920. "Mert" ta Farisanci ce, ma'anarta ta haɗa jarumta da cika alkawari, abin da Bahaushe zai ce namijin duniya. A gurbin "dare" sai ka ce "cesaret etmek", kamar "sormaya cesaret edemedim", wato ban iya yin ƙarfin halin tambaya ba. Inda mu kuma muke ƙarfafa gwiwa ko sanyaya ta, su suna cewa "cesaret vermek" da "cesaretini kırmak".

Amsar wani ɗalibin digiri na uku a fannin hulɗar ƙasashe:

Ina da ɗan ja da maganar Malam na Ankara, ko da yake na yarda da akasarinta. Wanda ke karanta jaridun Turkiyya zai ga ana rubuta "küresel meydan okumalar" a gurbin "global challenges", jami'an diflomasiyya kuma sukan ce "sınamalar", daga aikatau mai ma'anar gwadawa ko jarrabawa. Wato ƙamus bai yi ƙarya ba, ya dai ba ka kalmar taron ƙasa da ƙasa ne alhali kana maganar sanyi da kewar tuwo. Mu ma haka ta faru da mu, domin labaran rediyo sun faɗaɗa "ƙalubale" har ta zama ana faɗar ta a kan matsalar ruwan sha, amma babu dattijon da zai dawo daga gona ya ce ƙalubale ya sha, sai dai ya ce ya sha wuya. Idan ka shiga jami'a ka fara rubutun nazari, za ka bukaci "meydan okuma" ɗin nan, don haka kada ka yar da ita.

Amsar wata ɗalibar likitanci a Sakarya:

Yayana, ƙarin da zan yi ɗaya ne, kuma a kan Larabcin da Hajiya mai fassara ta ambata ne. Yana taimakawa ƙwarai, domin "azim" ita ce azamarmu, "sabır" kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san ta, amma yakan yaudari mutum. "Mücadele" ta yi kama da mujadalarmu, wadda jayayya ce ta baki, alhali a Turkanci gwagwarmaya take nufi, daidai da "struggle", har yaƙin 'yancinsu da aka fara a 1919 suna kiran sa "Millî Mücadele". Shawarata ita ce ka buɗe shafin ƙamus na Türk Dil Kurumu a intanet, wanda kyauta ne, ka karanta misalan jimlolin da ke ƙarƙashin kalma kafin ka sa ta a rubutunka.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake rubuta insha'in, na mayar da sanyi da abinci "zorluk", na ba mahaifiyata "metanet", na bar "meydan okumak" a wuri ɗaya tak, inda wani ɗan ajinmu ɗan Somaliya ya ce zai riga ni cin jarrabawar B2, ɗaya daga matakan ƙwarewa a harshe. Hajiya, idan kin samu sarari, ina so in ji ko "gözü kara" da na ji ana faɗa wa wani direban bas yabo ne ko zargi.