Neman kalmar Hausa: hoton da aka tauye da wanda aka bari cikakke

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baki da tsofaffin masu sana'ar hoto a kan kalmomi biyu da Turawa ke amfani da su wajen ajiye hoto a kwamfuta, wato "lossy", ajiyar da ke zubar da wani abu daga hoton, da "lossless", wadda ba ta zubar da komai. Mutane sun fara zaƙulo tsofaffin fim na hotunan iyayensu daga cikin adaka suna kai wa masu shago a mayar musu cikin kwamfuta. Tambayar farko da ya kamata su yi ita ce wane irin fayil za a ba su, amma in babu kalmar da za a yi tambayar da ita, ba za a yi ta ba, sai a karɓi abin da aka bayar a yi godiya.

Akwai waɗanda ba sai mun wahala a kansu ba. Fim ɗin da aka wanke, wanda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, iyayenmu sun riga sun raɗa masa suna: dodon hoto. Duk wanda ya taɓa ɗaga shi sama ya ga fuskar mutum da baƙaƙen haƙora da farin gashi ya san sunan ya dace. Sikanin ma ya zauna a baki, har a asibiti shi ake faɗa. Haka fayil. Mu bar su yadda suke.

Ga abin da nake son kalmar ta ɗauka. Hoto guda a fim mai milimita 35 faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24. Idan na'urar sikanin ta karanta shi a kan ɗigo 4000 a kowane inci, za a samu ɗigo wajen miliyan 21. A ajiye wannan a nau'in fayil da ake kira TIFF, mai bit 16 (ma'aunin yawan matakan haske) a kowane launi, fayil ɗaya zai haura megabait 120. A ajiye shi a nau'in fayil na JPEG, da wuya ya kai kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ina sauran ya tafi? Tsarin JPEG, wanda aka fitar a 1992, yana yanka hoto gida-gida, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen haske da launi waɗanda ido ba ya saurin lura da su. Sannan matakan haske 256 kacal yake riƙewa a kowane launi, alhali bit 16 na riƙe 65,536. Abin da ya zubar ba ya dawowa, kuma duk sanda aka gyara hoton aka sake ajiyewa sai ya ƙara zubar da wani. Shi kuwa TIFF, wanda kamfanin Aldus ya fitar a 1986 kafin ya koma hannun Adobe, ana iya ajiye shi ba matsi, ko a matse shi ta hanyar da za a buɗe a samu komai yadda yake.

Wani zai ce ai ido ba ya ganin bambancin, to mene ne na damuwa? A kan dodon hoto ne abin ke fitowa fili, domin dodo ba a barin sa yadda ya fito daga na'ura. Sai an juya shi, an cire ruwan lemon nan da ke lulluɓe da fim mai kala, an ja launukan da suka koɗe. Ku ɗauki hoton biki: ango cikin farar babbar riga mai farin aiki a ƙirji, amarya a gefensa cikin inuwar mayafi. Zaren aikin nan da ƙyar ya bambanta da yadin, kuma a jikin dodo nan ne wurin da ya fi duhu. Fuskar amarya kuwa tana can inda fim ya kusa zama garai-garai. In matakan haske sun yi kaɗan, kana jan hoton rigar za ta zama farin fili ba aiki, kumatun amarya su faffashe gida-gida. Abin da ake son gani a hoton ke nan ya tafi.

Ƙari, bayan amsoshin da suka shigo. Na gode ƙwarai.

Mafi yawa sun ce "mai asara" da "marar asara". Ma'anar ta fito, amma asara abu ne da ke afka wa mutum, gobara ko faɗuwar kasuwa. Wannan kuwa da gangan ake yin sa don fayil ya yi sauƙin aikawa. Wani ya ce "matsattse", sai dai duka biyun ana matse su, don haka ba ta raba gardama ba. "Ragagge" zai sa a zaci girman hoton aka rage. Wadda na fi jin tsoro ita ce "tatacce", domin duk Bahaushen da ya ji tatacce zai ɗauka shi ne mafi kyau, ya zaɓe shi da murna.

Wani dattijo da ya yi shekaru yana wanke hoto ya kawo "tauyayye", kuma wallahi, Baba, a nan zuciyata ta kwanta. Mudun da aka tauye in ka kalle shi daidai yake da ɗan'uwansa, sai ka je gida ka ga abin da ke ciki bai kai ba. Haka JPEG yake: faɗi da tsayi suna nan, hoto ya cika allo, amma an rage abin da ke ciki. Kuma kalmar tana juyuwa a baki ba tare da an tilasta mata ba. "Don Allah kada ka tauye mini hotunan." "WhatsApp yana tauye hoto." Masu waƙa ma za su iya cewa MP3 tauyayye ne. Kishiyarsa kuma cikakke.

Wata 'yar'uwa ta ƙalubalance ni, ta ce tauyewa tana da warin zalunci, shi kuwa JPEG bai cuci kowa ba, da shi muke aika hoto kullum. Gaskiya ne, Hajiya, kuma ba na cewa a daina amfani da shi. Amma wannan ɗan warin shi nake so. Mutumin da ya kawo dodon hoton mahaifiyarsa guda ɗaya tilo gara ya ji kalmar da za ta sa ya dakata ya ce, tauyayyen ne kaɗai za ka ba ni? Ina cikakken?

Wani malami kuma ya kawo gyaran da ba zan iya tsallakewa ba. Ya ce in aka ɗauki JPEG aka juya shi zuwa TIFF, fayil zai kumbura amma abin da aka zubar bai dawo ba, to shi ma cikakke ne? A'a, Malam. Shi ya sa muke buƙatar suna na uku, na fayil na farko da ya fito kai tsaye daga na'ura, wanda ba a taɓawa, daga gare shi ake fitar da kwafi. 'Yan fim da mawaƙa suna cewa masta. Ni na fi son uwar hoto, yadda muke cewa uwar kuɗi. In an ce ai dodon ne uwa, to dodo yana da sunansa, kuma zafi da laima suna cin sa: kala tana koɗewa, tsohon fim ya fara warin tsami yana lanƙwashewa. Kada dai a yar da shi bayan sikanin.

Da waɗannan kalmomi zaɓen manhajar sikanin ma ya zo da sauƙin bayani. VueScan, ta Ed Hamrick a Amurka, an san ta da tayar da tsofaffin na'urorin da kamfanoninsu suka daina kulawa da su, tana kuma aiki a Windows da Mac da Linux. SilverFast ta kamfanin LaserSoft Imaging ce da ke Kiel a Jamus, tana da kayan gyaran launi da yawa amma sai an zauna an koye ta. Duka biyun suna iya ajiye abin da na'ura ta gani tun kafin a juya dodon, wanda kowa ya yarda mu kira shi ɗanye. Ko Epson Scan da ke zuwa kyauta da na'ura tana fitar da TIFF mai bit 16. Abin tambaya ga mai shago guda ne: manhajarka tana ba da uwa cikakkiya?

Gargaɗi ɗaya a gefe ga masu fim baƙi-da-fari. Share ƙura da waɗannan manhajoji ke yi da hasken infirared, wanda ido ba ya gani, ba ya aiki a kansa, domin sinadarin azurfar da ke jikinsa yana tare hasken, sai manhaja ta ɗauki hoton kansa a matsayin ƙura ta dagula shi. A kashe shi, a hure ƙurar da ɗan famfon roba, musamman lokacin hunturu.

'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi da Tawa, ku da kuka koyi abin ta Faransanci, tauyayye ya zauna a kunnenku ko kuna da wata? Sannan saura guda da ban samu ba tukuna: bambancin bit 8 da bit 16. Na ga ana rubuta "zurfin launi", amma ban tabbata mai kawo hoto zai gane abin da ya yi zurfi ba. Ina tunanin "matakan launi". Me kuka gani?