Murar da ke komo wa yarona duk hunturu

Maman Sadiq, Gusau:
Assalamu alaikum. Yarona mai shekara 3 yau kwana biyar yana zazzaɓi da tari da majina, idanunsa sun yi jawur da kwantsa. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Likita ya ce da alama adenobairos ce, in riƙa ba shi ruwa da farasitamol, in ajiye amoksisilin ɗin da na saya a kemis. To bara ma haka ya yi. Ashe ba a ce in yaro ya yi cuta jikinsa kan gane ta ba?

Baba Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, ƙurar hunturu ce kawai. Ki ba shi zuma, ki sa masa hula da safa.

Abu Hafsa, Birnin Kebbi:
Baba, Allah ya ƙara girma, zuma na lafar da tari, amma ƙura ba ta kawo zazzaɓin kwana biyar. Maman Sadiq, aikin ɗakin gwaji nake yi. Adenobairos ƙwayar cutar bairos ce, kuma dangi ce guda. Tun 1953 da aka fara gano ta, an ƙirga iri sama da 100, a gida bakwai, A zuwa G. Jikin Sadiq ya gane ta bara. Ta bana wataƙila 'yar'uwarta ce. Iri na 3 da 4 da 7 su suka fi kama ƙirji, 40 da 41 kuwa gudawa suke sa yara.

Abin da ya fi ba ni mamaki, in iri biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, sukan yi musayar ƙwayoyin halitta, sabo ya fito. Haka na 55 ya samu, daga na 11 da na 14, kuma ya sha jawo nimoniya mai tsanani a Sin. Shi ya sa ake ɗibar majina a yi gwajin PCR, a karanta ƙwayoyin halittar, don a san wanne ke yawo. Irin wannan aiki sai manyan ɗakunan gwaji, kamar na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja. Likitanki alamomin cutar ya duba, kuma gaskiyarsa ce: amoksisilin bakteriya yake kashewa, ba bairos ba.

Maman Sadiq, Gusau:
Na gode, Malam. Babu rigakafi ne? Ga ƙanwarsa 'yar wata takwas, tawul ɗaya suke amfani da shi.

Abu Hafsa, Birnin Kebbi:
Ki raba musu tawul yau ɗin nan. Cutar na daɗewa a kan kaya, sanitaiza ma ba ya cinta sosai, sai sabulu da ruwa, ƙasa kuma a goge da bilic. Rigakafin na 4 da 7 sojojin Amurka kaɗai ake ba. In kin ga ɗayansu na numfashi da sauri, haƙarƙari na lotsawa, ko jaririyar ta ƙi nono, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne.