Na je hutu Addis Ababa, lissafin lokacinsu ya rikita ni

Ɗan Zinder:
Salamu alaikum jama'a. Kwana uku nake a Addis Ababa, jiya na ce wa mai tasi ya zo ya ɗauke ni ƙarfe 2 mu je kasuwar Merkato, wallahi ƙarfe 8 na safe sai ga shi a ƙofar otal yana ta danna hon, ni kuma ko wanka ban yi ba. Wai haka suke lissafi ko dai yaudara ce?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ba yaudara ba ce. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 namu shi ne ƙarfe 1 nasu. Kalandarsu ma wata 13 ce, sabuwar shekara a Satumba, kuma suna bayan kalandar Turawa da shekara 7 ko 8.

Baban Sadiq:
Ni abin da ya ɗaure min kai ɗanyen nama ne, kitfo, da yaji da man shanu ake cinsa da injera, wani burodinsu mai faɗi kamar sinasir. Ka dinga duba mahauta, ta Musulmi da alamar jinjirin wata, ta Kirista da kuros.

Ɗan Zinder:
Na gode sosai yaya, gobe zan yi Juma'a a masallacin Anwar in sha Allah.