Rufin itacen da Turawa ke kira "shek": wane suna za mu sa masa?

Jama'a, kalma nake nema, kuma Kawuna ne ya ɗora mini neman. Makon jiya na tura masa hoton wani gida da muke yi wa rufi a bakin tafki a yankin Muskoka, arewa da Toronto a ƙasar Kanada. Kawu kafinta ne a Zariya, ya haura shekara 30 yana buga kwano. Ya dubi hoton ya aiko da saƙon murya: "Kai yaro, wannan wane irin kwano ne mai kama da ɓawon kifi?" Na ce, "Kawu, ba kwano ba ne, itace ne." Ya ce, "To yaya sunansa?" Nan na yi shiru. Abokan aikina "shek" suke cewa, amma in na faɗa wa Kawu haka ban gaya masa kome ba.

Ga yadda ake yin sa. A yanka gungumen itace guntu-guntu, tsawon inci 18 ko 24. A kafa wani ƙarfe mai kaifi da mariƙi a kan guntun, a buge shi da gudumar itace, a murɗa, sai itacen ya tsage ya bi jijiyarsa. Gindinsa kauri gare shi, daga rabin inci zuwa kashi uku cikin huɗu na inci, yana sirancewa zuwa sama. Yawancin na kasuwa yanzu fuskar ce kawai tsagaggiya, bayan kuwa zarto ake bi da shi a karkace, falle guda ya ba da biyu. Yana da ƙani da ake kira "shingil": shi ciki da baya duk yankan zarto ne, sumul, kuma bai kai shi kauri ba. Duk sunan da za mu raɗa, lallai ya raba waɗannan biyun.

Da na nemi shawarar jama'a kan sunan, wani ɗan'uwa ya ce mu ce "katakon rufi" mu huta. Ranka ya daɗe, wannan sunan yana da mai shi. Ka shiga kowace kasuwar katako ka ce a ba ka katakon rufi, wanda ake kafawa a buga kwano a kai za a ɗebo maka. Wani kuma ya kawo "azara", tunda ita ma giginya ake tsagawa. Amma azara kaya take ɗauka a ƙarƙashin ƙasar soro, ruwa ba ya ganin ta. Wannan kuwa shi ne a fuskar ruwan.

Wani malaminmu ya ce "allon rufi". Allah ya gafarta Malam, siffar ta yi daidai, don in ka riƙe guda a hannu kusan girman allon almajiri ne. Sai dai allo sassaƙa shi ake yi a goge har alƙalami ya bi ba tuntuɓe. Saboda haka na ɗauki kalmar na ajiye wa ƙanin: shingil shi ne allon rufi.

Wata uwarmu ce ta yanke magana. Ta rubuto: "Ɗana, abin da kake ta zagaye kana kwatantawa ai faskare ne." Hajiya, gaskiyarki. Duk wanda ya taɓa ɗaga gatari a kan gungume ya san fuskar faskare: gargada, layi-layi, tsagin ya bi inda itacen ya so. Kuma nan amfanin rufin yake. Zarto yana datse jijiyoyin itace, tsagi kuwa bin su yake yi, sai ruwa ya sami hanyar gangarewa. Gargadar kuma ba ta barin falle ya manne da na ƙarƙashinsa, iska tana ratsawa ta busar da shi.

An yi mini ƙorafi cewa faskare na murhu ne, wa zai so a ce ya rufe gidansa da makamashi? Ni kuwa wannan ne ya ƙara mini son kalmar, don wuta ce babbar matsalar wannan rufi. Gobarar Bel Air ta 1961 da ta tuddan Oakland ta 1991 sun cinye gidaje masu yawa a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma garwashin da iska ke yayyafawa kan rufin itace yana cikin abin da ya yaɗa su. Birnin Los Angeles ya hana sabon rufin irin wannan tun 1989. Akwai wanda ake dura wa maganin hana kama wuta tun a masana'anta, shi ya kamata mai gida a cikin daji ya nema, kuma ya tuntuɓi kamfanin inshora kafin ya sayi ko bandir ɗaya. Sunan da zai tuna wa mutum wannan, suna ne mai gaskiya.

Kalmar aikin ma muna da ita: baibaya. Yadda ake jera yanta a kan jinka daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya hau na ƙarƙashinsa, haka muke yi. A cikin inci 24, inci 10 kaɗai ake bari a waje. Tsakanin falle da maƙwabcinsa a bar kusan rabin inci, don itace yana kumbura in ya sha ruwa. Ƙusa biyu kowane falle, ba ƙari. Tsakanin layi da layi a shimfiɗa takardar kwalta mai faɗin inci 18, kada iskar tafki ta cusa dusar ƙanƙara ciki.

Bari in gaya muku abin da na gani da muka ɓare tsohon rufin gidan nan. Ɓangaren kudu, mai kallon ruwa, rana da iska suna samun sa. Ya koma ruwan toka mai sheƙi, na kankare shi da wuƙa sai ga ja a ciki, ƙamshinsa na nan. Ɓangaren arewa kuwa dogayen bishiyoyi sun yi masa rumfa. Tsinkayen ganyensu sun toshe ratar da aka bari, gansakuka ta yi tabarma, na danna babban yatsa ya nutse kamar a soso. Ƙarƙashin kowace ƙusa baƙin zane, wasu kawunan sun cinye, don ruwan jikin itacen nan yana cin ƙarfen da ba a yi wa rigakafi ba. Shi ya sa muke amfani da ƙusa marar tsatsa. Gida ɗaya, shekaru ɗaya. Wanda gidansa ke cikin inuwa, kuma sai lokacin zafi yake leƙowa, ni kwano nake ba shi shawara. Wanda rana ke samu, kuma zai riƙa sharewa yana sare rassan da suka leƙo, ya yi faskare. Zai iya kai masa shekara 30, kuma ruwan sama ba ya ƙara a kansa irin ta kwano.

Saura sunan bishiyar. Da na so in ce "sida", yadda Turawa ke furtawa, sai wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ja hankalina cewa a Nijar sida sunan cutar ƙanjamau ne. Na gode, na janye. Muna da "al'ul", bishiyar nan da ke kan tutar Labanon. Ta rufin nan ba danginta ba ce. A yankin British Columbia na Kanada da jihohin Washington da Oregon na Amurka take fitowa, ƙamshi ne ya sa Turawa suka ara mata sunan. Mu ma sai mu ara, mu ƙara launi: jan al'ul.

Na sake aika wa Kawu murya na ce, "Kawu, rufin faskare ne, na jan al'ul, baibaya shi muke yi kamar jinka." Bai nemi ƙarin bayani ba. Cewa ya yi, "To madalla. Bandir nawa yake ci?" Na ce bandir 5 ke rufe ƙafa 10 tsawo da ƙafa 10 faɗi. Ya ce in turo masa hoton ƙusar.